Ba Ni Cikin Lissafin Dokta

"To sake ƙirgawa. Tun da yaron nan ya fara kiranki idonki bai ganin daidai."

"Gwaggo, sau nawa zan ƙirga? Hamisu, Fatsima, Yunusa, Ikram. Huɗu. Ga sunan Inna a sama, ga Baba an rubuta yana Abijan. To ni ina nake?"

Gwaggo Cima, yayar Babana, ta fizge takardar daga hannuna. Ta riƙe ta kai a ƙasa, don ita ko bihim ba ta sani ba a boko, ta ƙura mata ido kamar mai duban ƙasa, sannan ta miƙo mini.

"Ga ki nan gabana kina cin raina. Mi kike nema cikin takarda?"

Jama'a, ku tsaya in mayar da ku baya kaɗan, don na san yanzu kun ce Raihana ta zautu. Ban zautu ba. Ko da yake, tsakani da Allah, wata uku ke nan ba ni da cikakken hankali.

Ni ce ɗiyar fari a gidan Malam Halidu na Karofane. Bara na gama lisansi, wato digirin farko, na tattalin arziki a jami'ar Tawa, kuma a can na san Dokta Mahfuzu. Ranar da ya fara shigo mana aji, ba littafi ya ciro daga jakarsa ba. Albasa ya ciro, guda ɗaya, ja, ya ɗora bisa tebur ya ce, "Nawa ce?" Kowa ya faɗi nasa kuɗi. Ya bar mu muka gama hayaniya, sannan ya ce, "Lokacin cira kuke nufi, ko bayan damina?" Awa biyu ya yi yana magana kan albasar nan, wa ke iya ajiye ta, wa yunwa ke sa ya sayar tun tana ɗanya. Ni dai alƙalamina bai taɓa takarda ba. Hannunsa nake kallo. Allah ya yafe mini, ranar ban san me aka koyar ba sai da na ari littafin rubutun ƙawata Zaliha na kwafa.

Yana da wata magana da duk ɗalibansa suka haddace: "Lamba ba ta ƙarya, mai tambaya ne ke sauri." Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Shekara uku bai taɓa kallona sau biyu ba. Na sa lalle, na canza ɗaurin ɗankwali, na zauna layin gaba har wuyana ya ƙage. Banza. Sai da na gama, na dawo Karofane ina taya Inna surfe, wata safiya saƙo ya faɗo wayata:

"Salamu alaikum. Mahfuzu ne, wanda ya koyar da ku. Yanzu babu sauran takardarki a hannuna da zan gyara. Ko za ki yarda in zo in gaida magabatanki?"

Wayyo! Ihun da na yi sai da kajin gidanmu suka watse. Wayar ta suɓuce ta faɗa cikin ƙwaryar gero, na tono ta, na sake karantawa, na sake jefar da ita. Fatsima ta ɗauka kunama ce ta harbe ni, ta rugo da gishiri.

Asalinsa ɗan Keita ne, amma a Yamai ya tashi, a Dakar ya yi digirin dokta. Shekara shida ke nan yana wani bincike da ya ɗauka kamar ransa. Gida ɗari huɗu da sha biyu yake bi a Buza da Keita da Madawa. Kowane rani sai ya tura ɗalibai da fishi, wato takardar tambayoyi, su shiga gida gida: damin gero nawa aka samu, baki nawa ke ci, maigida na nan ko ya tafi cin rani. Tambayarsa ɗaya ce: tafiyar mazanmu Abijan da Libiya da Legas, tana cika tukunya ko tana rage ta? Kuma ya samu amsa. Lissafinsa ya nuna gidan da maigida ya tafi, kowane baki ya fi samun hatsi. Ranar Asabar mai zuwa zai tsaya a Madawa gaban magadan gari da ƙungiyoyin da ke raba hatsi in rumbu ya ƙare, ya faɗa musu haka. Da wannan aikin kuma zai nemi kujerar farfesa.

Ranar Juma'a, kwana ɗaya kafin nan, baffanninsa za su zo neman aurena. Baba ma yana hanya, ya baro Abijan don haka.

To ranar Lahadi da ya zo zance, na zaci turare zai kawo, ko atamfa. Sai ya miƙo mini ambulan ruwan ƙasa yana wani murmushi kamar yaron da ya ɓoye alewa.

"Gida mai lamba arba'in da ɗaya," ya ce. "Fishin shekarar farko. Jiya ina duba tsofaffin takardu na ga sunan Malam Halidu. Shekara shida ina bin gidan nan ban san a nan matata take ba."

Matata! Ku ji fa. Daga nan ban sake jin komai ba. Ambulan ɗin kwana biyu ya yi ƙarƙashin matashina ban buɗe ba, sai dai in ciro in shinshina, don ƙamshin turarensa ya kama shi. Ranar Talata na buɗe don in ga sunana da rubutun aikinsa.

Babu ni.

Kuma ba a ce ina makaranta a wani gari ba. Shekarar ina gida, ina karatun sakandare. Na ma tuna yaron da ya zo anketi, wato cika fishin, dogo mai jar hula, ni na kai masa ruwa a kwanon sha yana tsaye bakin zana yana yi wa Inna tambayoyi daga waje.

A nan ne na gane.

Innata ba ta taɓa faɗin sunana ba. Kun san kunyar ɗan fari. Ni "Waccan" ce. "Ku ce wa waccan ta sauke tukunya." "Waccan ta dawo?" Ranar da sakamakon lisansina ya fito, unguwa ta cika da guɗa, Inna ta ce, "An ce waccan ta ci," ta shige madafa. Amma da aka zuba abinci, cinyar kaza biyu na tarar binne ƙarƙashin tuwona. Haka take sona, kuma ban taɓa jin haushi ba. To fishin Dokta suna yake nema, layi layi. Inna ta faɗi waɗanda bakinta ke iya faɗa, ta yi shiru.

Nan take na kira Zaliha, don bara ta yi masa anketi a wajen Dewule.

"Ke, in mace ta lissafo 'ya'yanta ta yi shiru, me kuke yi?"

"Mu wuce tambaya ta gaba mana. Fishi talatin ake so a wuni, ga rana, ga babur na jira. Amarya, lafiya?"

"In maigida na nan fa?"

"Wannan ai a zaure ake zama. Kafin ka buɗe jaka maƙwabta sun cika wurin. In ya tsallake babban ɗansa sai wani ya ce, ka bar wane, a yi dariya, mu rubuta." Sai ta farga. Na ji numfashinta ya canza. "Raihana... Innalillahi. Gidajen 'yan cin rani babu mai tunawa."

"Babu."

"Ke kuwa kin shiga uku. Juma'a fa!"

Shi ne na kwaso takarda na nufi ɗakin Gwaggo Cima, inda kuka same mu. Na zauna na yi mata bayani dalla dalla, har da tsakuwa na jera a ƙasa, wannan gida, wannan baki. Ta gane sarai, Gwaggo ba ta yi boko ba amma ba a cutarta a awo. Ta share tsakuwoyin da ƙafa.

"To na ji. Yanzu ki kame bakinki sai an shafa fatiha."

"Gwaggo, Asabar zai faɗa wa mutane!"

"Shi faɗa. Ke anka aika? Namiji, ko limamin Juma'a ne, bai son a gyara mishi karatu. Balle ɗiyar da shi ya koya ma karatun. Ɗiyan mutane na neman mai shago ba su samu ba, ke Allah ya jeho miki dokta har gida, kin zamna kina tonon kuskure nai kamar kaza a juji."

"In suka yarda da shi, gidaje irin namu za a mayar ƙarshen layi ranar rabon hatsi."

"In ya fasa, ke za a mayar ƙarshen layi. Na riga na gaya ma matan Tama duka farfesa za mu yi suruki. Kada ki kunyata ni, Raihana, hawan jini gare ni."

Ba ta da hawan jinin komai. Duk ranar da aka ƙi bin maganarta yake tashi.

Amma kada in yi muku ƙarya, maganarta ta shige ni. Wunin Laraba haka na yi shi kamar marar laka. Ina wanke shaddar da zan sa Juma'a ina tunani: in na yi shiru wa zai sani? In na faɗa, wane ido zai kalle ni da shi? Shekara shida na mutum, ni da ko wata huɗu ban yi cikin rayuwarsa ba in zo in rushe? Sai kuma in tuna daminar da rumbunmu ya ƙare tun gero bai fid da kai ba, kuɗin Baba bai iso ba, Inna na dafa tafasa da ɗan gari tana cewa ita ta ƙoshi.

Da azahar saƙonsa ya shigo.

"Kin karanta kyautarki?"

Na rubuta "Dokta akwai matsala", na goge. Na rubuta "Ta yi kyau sosai", na goge. Na kifa wayar, na zagaya rumbu sau biyu, na dawo.

"Na karanta. Ka zo gobe bayan la'asar. Ka taho da sabon fishi da bik na rubutu."

"Bik? Sadakin ne ya sauko haka? Alhamdu lillahi."

Na yi dariya har da hawaye, kuma ban san na dariyar ne ko na tsoro ba.

Alhamis tun azahar nake shiri. Na ce in ma rabuwa ce, to ya rabu da ni ina kyau. Atamfata mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye na sa, riga da zane, na yafa farin mayafi mai ƙananan duwatsu a baki. Kwalli, ɗan jan baki, humrar da Gwaggo ke ɓoyewa cikin kwalla na sato na shafa a wuya. Fatsima ta dama fura da nonon da aka kawo da safe, na sa ta cikin sabuwar ƙwarya, na rufe da faifai mai ja da kore.

Ƙarfe biyar saura na ji tsayuwar motarsa, tsohuwa ce, ƙofarta sai an daka mata kafaɗa take rufuwa. Ya shigo zaure cikin shadda ruwan sararin sama, hula ta zauna daidai, tabarau na sheƙi. Ya Rabbi. Zuciyata ta ce, Raihana, bar maganar nan, ki aure shi kawai.

"Ga bik, ga fishi," ya ce yana ɗaga su. "Wa za a yi wa anketi?"

"Inna."

Murmushin ya tsaya. "Wace Inna? Surukata? Raihana, ki rufa mini asiri. Ni da ko ido ban iya haɗawa da ita."

"Ba sai kun haɗa ido ba. Tana bayan zana. Yadda ɗalibanka ke yi za ka yi. Tambaya ta uku kaɗai."

Ya kalle ni ya ga ba wasa nake ba. Ya tuɓe takalmi, ya je bakin zanar da ta raba zaure da tsakar gida, ya durƙusa. Dokta guda, mai sa ɗalibi ɗari uku su yi tsit, ga shi gwiwa a ƙasa. Na riga na roƙi Inna tun safe ta zauna a wurin, ban gaya mata dalili ba. Gwaggo Cima kuwa ta jawo kujerarta ta dasa a ƙofa, tana watso mini harara kamar ta cinye ni ɗanya.

Suka gaisa, gaisuwar surukai, kowa na magana da ƙasa. Sannan ya gyara murya.

"Inna, a yi mini haƙuri. Yaran da ke ci daga tukunyarki, a faɗo mini sunayensu."

"Akwai Hamisu," in ji Inna a hankali. "Da Fatsima. Da Yunusa. Sai auta, Ikram."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya rubuta, ya ja layi yadda ya saba, ya ɗago yana mini murmushin "to na yi, sai me?" Ina tsaye a kansa da ƙwaryar fura a hannu. Ya kalle ni. Ya kalli takardar. Ya sake kallona. Wallahi a kan idona murmushin ya zube.

"Ke fa?" ya ce, da ƙyar.

"Ni ɗiyar fari ce, Dokta."

Ya zame ya zauna a ƙasa daɓas, shaddar nan mai tsada cikin rairayi. Ya cire tabarau.

"Hajiyata," ya ce, kamar da kansa yake magana, "ba ta taɓa kiran sunan Yaya Bala ba. Shekara talatin da shida ina ji da kunnena. Ni na zana fishin nan da hannuna, ban taɓa..." Ya tsaya. Na ga leɓɓansa na motsi, lissafi yake. "Inda maigida ke nan fa?"

"Maƙwabta na tuna masa a zaure. Zaliha ta gaya mini."

"Baki ɗaya a kowane gidan ɗan cin rani. Kuma babban baki." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Duk bambancin da na samu bai kai rabin baki ba, Raihana. Babu shi. Bai taɓa kasancewa ba."

"Kin gani ko?" Gwaggo ta ce da ƙarfi. "Kin huta? Ga shi nan kin zubar da bawan Allah ƙasa."

Na so in ce lamba ba ta ƙarya, mai tambaya ne ke sauri, amma na ga in na faɗa kamar na zuba gishiri a gyambo ne. Shi ya faɗa da kansa, a hankali, yana kallon bik ɗin.

Can ya ce, "Ba zan iya kai wannan Madawa ba. In na faɗa, da bakina za a cire wa mutane hatsi. Maganar farfesa kuma sai bayan shekara biyu, in an yi sa'a. Sai an koma gidajen nan duka." Ya laluba aljihu ya ciro waya, bai kalle ni ba. "An gaya wa Babanki wanda zai zama farfesa ne ke zuwa. Ga shi ya taso tun daga Abijan. Ba zan turo masa mutane da sunan da ba nawa ba. Bari in kira Baffa Lurwanu in ce a ɗaga Juma'ar, sai na gyara abin da na ɓata."

A ɗaga. Jama'a, kun san "a ɗaga" a maganar aure. Gwaggo ta dafe ƙirji ta fara salati, wannan karon kamar hawan jinin na gaske ne.

Sai murya ta fito daga bayan zana.

"Malam."

Inna ce. Inna da ba ta taɓa fara yi masa magana ba. Ya yi sauri ya koma kan gwiwa.

"Goge huɗun nan. Sa biyar." Ta ƙara da cewa, "Ta farin ita ce tsaye bisa kanka. Bakina bai faɗin sunanta. Amma tun ranar da anka haife ta ban taɓa ɗora tukunya ban sa rabonta ba. Kuma ba ni kaɗai ba, duk matan garin ga haka muke. Ku ne ba ku tsaya kun ji ba."

Shekara ashirin da uku, ranar ce Inna ta fara ƙirga ni a gaban mutane. Kwallin da na ɓata rabin awa ina sawa ya gangaro har haɓa. Na ajiye ƙwaryar. Ban san inda ƙarfin ya fito ba, na sunkuya na zare bik ɗin daga tsakanin yatsunsa, na ɗauki fishin, na ɗora bisa gwiwata. A layi na biyar na rubuta da manyan baƙaƙe: RAIHANA.

Ya ɗago yana kallona, ido jajir, wayar na hannunsa, sunan Baffa Lurwanu na haske a kai, yatsansa na sama bai danna ba.

Na miƙe tsaye, na gyara mayafina, na ɗaga murya yadda har Fatsima da ke laɓe bayan rumbu za ta ji.

"Ba a ɗaga Juma'a. Ni mai albasa a jaka na ce ina so, ban ce farfesa ba, kuma Baba ni zan tare shi a tasha in gaya masa. Asabar ka tafi Madawa ka faɗa musu da bakinka inda aka yi kuskure, ina zaune layin gaba kamar da. Litinin kuma mu fara daga gida na ɗaya, kai ka zauna zaure da maza, ni in shiga wurin mata, sai mun nemo 'ya'yan farin nan duka. Kuma tunda ba a ɗaura ba tukuna, ba za mu tafi mu biyu ba. Gwaggo, ki nemo takalmin tafiya. Da ke za a."